Bangon da Ya Rufe Gwaggo Hadiza

Ranar da dangin Ramatu, wadda zan aura, suka zo ganin ɗaki, ba na jin zan taɓa mantawa da ita. Har yau idan na ga an ja labule da ƙarfi sai na waiwaya in duba bango.

Lokacin ban daɗe da gama digiri na biyu ba, na kama ɗan gida a wani bene a unguwar Harlem, can ƙasar waje, bikinmu ya matso. Gidan ba laifi, sai dai bangon falon duk tsaga da tabon ƙusa. Mai kula da ginin ya ce in gyara in yi fenti idan ina so. Hanya biyu ce. Ko a shafe bangon da filasta mai laushi ya yi sumul, ko a liƙa masa wata farar takarda mai kauri da ke ɓoye tsaga, sannan a bi da fenti.

Wani zai zaɓi ɗaya ya wuce. Ni kuwa na duƙufa kallon bidiyo a intanet, har a cikin jirgin ƙasa. Filasta ta fi ƙarko, amma tana son hannun gwani da lokacin bushewa. Takarda ta fi sauƙi, amma wai bakinta kan ɗaga. (Ni mutum ne da ke fita da lema da rana tsaka, saboda ba a san abin da zai faru ba.) Daga ƙarshe na yi abin da a lokacin na ɗauka hikima ce: na haɗa duka biyun. Na shafa filasta, ban jira ta gama shan iska ba na liƙa takarda, na bi da fenti. A lissafina, idan ɗaya ta gaza ɗayar za ta riƙe.

Abin da ya dame ni shi ne Gwaggo Hadiza, yayar mahaifin Ramatu, 'yar Nijar mai shagon atamfa a titi na 116. Tun farko ba ta gamsu da ni ba, ta ce na cika “wataƙila”. An kuma faɗa mini idan ta ce ɗaki bai yi ba, ɗaga bikin za a yi.

Da ranar ta zo, suka iso ita da mata biyu. A satin aka kunna hita, na'urar ɗumama ginin, falon ya yi ɗumi kamar gidan burodi. Bayan gaisuwa Gwaggo ta miƙe za ta auna inda kujeru da kabad za su zauna. Ba ta zo da tef ba, da taƙi take awo. Tana dafa bangon tana ƙirgawa, sai na ji wani ɗan sauti daga sama, kamar ana ɓare ayaba.

Takardar ta taho gaba ɗayanta, a hankali, cikin ladabi, ta rufe Gwaggo tun daga ɗankwali har ƙafa.

Ni dai ina tsaye riƙe da tiren lemo.

Daga ƙarƙashin takardar muka ji muryarta: “Bon, to. Ango, wannan bango ne ko mayafi?”

Na ce, “Gwaggo, ina jin kamar, wataƙila, zafin hita ne, ko kuma…”

Ta yaye takardar, ta kalli ɗanyar filastar, ta kalle ni. “Wa ya yi maka aikin?”

“Ni ne, Gwaggo. Na rasa wanda zan zaɓa, sai na yi duka.”

Dariya ta kama ta har sai da ta zauna. Da ta huce ta ce wa matan, “Wanda ke tsoron bango haka, ba zai yi wasa da 'yarmu ba.” Ta juyo gare ni: “Ɗaki ya yi. Kankare wannan, ka bar filastar ta bushe, ka yi fentinka. Dama nan kabad zai tsaya, ba mai ganin bangon.”

Ban san lokacin da na zauna a kan bokitin fenti ba. An yi biki a ranarsa.

Abin da na koya (ina jin dai na koya) shi ne, idan ka kasa zaɓa ka haɗa biyu, matsalar biyun kake gada. Kuma kafin ka hana kanka barci a kan bango, fara tambayar inda za a ajiye kabad.