Ankon Ikilima da Taɓon Layinmu

Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi na fito tsaf cikin farar shaddata zan je gaisuwa, sai wani mai adaidaita ya faɗa ramin ƙofar gidan maƙwabcina Labaran, ya yi mini wanka da taɓo tun daga hula har takalmi. Ya leƙo ya ce, "Baba, a yi haƙuri, hanya ce." Na ce, "Na sani, ɗana, ai tare muka tsufa da ita."

Wannan hanya, jama'a, a kanta Mai Girma Sarkin Alƙawari ya tsaya gabanin zaɓe, ya dafa ƙirji ya ce sai ta yi santsi kamar madubi. Allah ya ja zamaninsa, bai yi ƙarya ba. Santsi kam tana da shi.

Na koma gida ina ɗiga, na tarar da mata cike da tsakar gida. 'Yata Ikilima ce za ta yi aure a tsakiyar damina, ana zaɓen launin anko. Uwarta Hansai ta kafe a kan ruwan hoda. Hankalinta a tashe yake, domin angon yana da wata gwaggo a Darki wadda in ta kushe biki, har jikoki sai sun ji labari. Ikilima kuwa ta ce an daina yayin ruwan hoda, yanzu sai "fich" da "shamfen gol". Ta nuna mini a waya. Na ce wannan ai kunun gyaɗa ne da aka cika wa ruwa.

Ta ce, "Baba, ba ka gane ba. Kowane lokaci da launinsa. An ce bikin damina launi mai sanyi yake so."

Na ce, "Masu faɗin haka sun taɓa bin layinmu a watan Agusta?" Na ware hannuwa na nuna rigata. "Ga launin damina nan a jikina. Duk abin da kuka saka, da wannan za ku isa gidan ango. To me zai hana ku fara da shi tun daga gida?"

Hansai ta zagaya ni tana dubawa kamar mai taya rago, ta ce, "Malam, yau dai ka yi magana." Ikilima ta ɓata rai, ta koma waya, can sai ta yi tsalle. Ashe akwai launin, sunansa "moka", wai manyan amare na ji da shi.

Ranar Juma'a na ɗebi taɓon a leda na nufi kasuwa wajen Haladu mai atamfa. Ina kwancewa, ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Malam Gwadabe, da jiƙaƙƙen za a dace ko da busasshen?" Na ce ashe ba ni ne farko ba. Ya ce mutanen Utai sun riga ni, sai dai nasu ya fi duhu. Muka shafa a gefen atamfa muka fita rana, har muka samu wadda ba ka bambance ta da layinmu. Aka ɗinka, kowa ya yi murna. Labaran ya ce, "Ka huta, maƙwabci. Yanzu ko mota ta fesa, ado ta ƙara."

Ana saura kwanaki kaɗan biki, sai ga tifa a layinmu. Tun Ikilima na goye muke jiran wannan mota, ba ta tashi zuwa ba sai yanzu. Labaran ya raɗa mini wai wani Babban Baƙo ne zai wuce ta bakin titi, ana tsoron kada idonsa ya faɗa ramin. Tifa ta ɗaga baya ta juye jar marmara, ja wur. Wani mai doguwar hula ya riƙe shebur, aka ɗauke shi hoto ta dama da ta hagu.

Na ruga na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah a bari sai bayan bikinmu na Asabar, mun riga mun yanki atamfa."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Dattijo, kai maƙiyin ci gaba ne?"

Suka tafi ko bajewa ba su yi ba. Ruwa ya sauko ya baje musu. Layinmu ya koma kamar an kifar da tukunyar manja.

Ranar kai amarya mata suka isa gidan ango moka daga sama, ja daga gwiwa zuwa ƙasa. Hansai ta ce ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Gwaggon ango ta tare su a zaure, ta daɗe tana kallon zannuwan, sannan ta ce, "Ikon Allah! Wannan haɗin ban taɓa ganinsa ko a Kano ba. Wane tela ne ya sa muku jan nan a ƙasa?"

Hansai ta gyara mayafi ta ce, "Telan manya ne, Hajiya. Ba a samunsa sai da hanya."

An yi biki lafiya, amarya na ɗakinta. Roƙona ga masu girma ɗaya ne. Ba mu ce a zuba kwalta ba, mun san ba a gaggawa da aikin alheri. A dai riƙa sanar da mu launin ƙasar da za a juye kafin mu je wajen Haladu. Auta 'yar Labaran ce ke kan layin aure, kuma uban ya ji ƙishin-ƙishin cewa ƙasar da za a juye a gaba baƙa ce.