Rasuwar Wayar da Ta Duba Inna Tabawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi shi nauyi, Sufyan Malami na Tsarnawa yana sanar da rasuwar wayarsa, wadda 'yan unguwa ke kira Likitan Aljihu. Ta rasu ranar Laraba a kan hanyar asibiti, tana da shekara uku.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta taɓa gajiya da tambaya ba. Akwai manhaja cikinta wadda ake rubuta wa abin da ke damun mutum, ta yi "tirrin", ta faɗi sunan cutar da Faransanci. Da ita Sufyan, da ya gama lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni, ya riƙa yi wa mutane faɗa: ku daina jiƙe-jiƙe, ku daina kwanciya kuna jiran ciwo ya gaji! A kan wannan har gobe bai janye ba.

Ajalinta ya biyo ta ciwon mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Sufyan ɗan fari ne. Ko sunansa Inna ba ta faɗi, balle ta gaya masa tana fitsarin jini. Sai ta aiko ƙanwarsa Saude da cewa kanta ke ciwo. Ciwon kai ya rubuta. Marigayiyar ta ce gajiya ce, a sha ruwa a huta. A ƙasa ta ƙara, kamar kullum, cewa in abin ya daɗe a ga likita. Wannan layin bai taɓa fassara wa kowa shi ba.

Kwana tara Inna na shan ruwa. Ran na goma ta faɗi a bakin murhu. Ana gudu da ita a amalanke wayar ta zame daga aljihunsa, ƙafar amalanke ta bi ta kanta. Ba ta ce komai ba sai "ƙas".

A asibiti wata ma'aikaciya ta kori maza, ta ja labule, ta tambayi Inna mace da mace. Minti biyar ta gano ciwon ya kusa cin ƙoda. Inna ta tashi, alhamdu lillahi.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya, da layi biyu, da maƙwabta kusan ashirin da aka gaya wa gajiya ce.

An binne ta a ƙasan akwatin takardun lakwal ɗinsa. Zaman makoki ranar Alhamis da hantsi, a kan bencin asibiti. Ana roƙon maƙwabtan nan ashirin su halarta. Sufyan zai kai su da kansa, kuma a waje zai tsaya.