Ranar da Na Yini a Jirgin Zalɓe

Jama'a, ku taya ni murna, na shiga jirgin sama. Tun hantsi nake ciki har la'asar sakaliya, da na fito kuma na tarar da kekena a jingine a gindin bedin da na bar shi. Ko taku ɗaya ba mu gusa ba.

Ga wanda bai ji ba, Zalɓe shi ne sabon kamfanin jirage na talaka, wanda aka kafa da harajinmu don a raba mu da wahalar hanya. Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa lafiya, shi ya yanke ƙyalle a filin da aka share bayan gari. Ya ce daga Madarumfa sai Yamai, sai Damagaram, sai Tawa, har Gabi ma ana tunaninta, garin da jaki ke kai mutum. Jirage uku gare mu. Ɗaya yana jikin hoton da aka manna a kasuwa, kuma ya yi kyau. Na biyu ana cire masa kaya ana gyaran na uku. Darakta kuwa wani Alhaji ne da ya tsufa yana lodin kamyo, manyan motocin kaya, a hanyar Ɗan Issa, an ce ya san sufuri.

A cikin jawabin Mai Girma akwai maganar da ta shiga kan maƙwabcina Bala masunci: kifin da aka kama da asuba a tabkinmu, da shi za a yi miyar rana a Yamai. Ranar tashin farko Bala ya yi kamun da bai taɓa yi ba bana. Matarsa Mardiyya ta riga ta hura wutar banda, don a nan kifi ba ya jiran kowa, Bala ya ce ta kashe.

"Malam, ka bari in banda ko rabi," in ji ta.

"Kihin banda na ƙauye ne. Wanga ɗanye za shi birni."

Ni kuwa kallo na je. Sai ga Sadiƙ, ɗan kamashon tashar motarmu, an sa masa hula mai baki, ya ja ni gefe.

"Baba, taimaka ka shiga ka zamna. In mutane sun ga ya kusa cika, sai su yanki tikiti."

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tasha ya san wannan aiki. Ana zuba 'yan zaman banza a kujeru, fasinjan gaske ya zo, ɗaya ya sulale. Na ce to, yau dai zan ga cikin harajina. Na shiga na zauna kusa da Bala, kwandunansa suna baya, an rufe su da jiƙaƙƙen buhu.

Rana ta take. Ba a kunna sanyi ba, wai mai na tafiya ne. Bala ya leƙa ya tambayi Sadiƙ, "Yaushe za mu tashi?"

"Saura mutum biyu, Baba. Alhaji ya ce ba a tashi sai ya cika."

Azahar ta yi, saura mutum biyu. Daga nan kwanduna suka fara magana. Wata mata ta toshe hanci da gyale, ta ce ita ba a yi da ita za ta shaƙi wannan ba, zama kawai aka ce ta yi. Ta fita. Na bayanta ya ce shi ma haka. Mai shayi, mai faci, ɗan kabu-kabu, kowa ya miƙe yana kaɗe riga. Kafin ka ce me, jirgin da ya kusa cika ya rage daga ni sai Bala.

Ya juyo ya dube ni. "Maƙwabci, kai dai Yamai za ka ko?"

Wallahi na ji kunya, kuma na ji haushi. Mutum ɗaya tak a garin nan ya gaskata Mai Girma har ya ɗora abincin gidansa a kan maganarsa, shi aka zaunar a tsakiyar 'yan wasa. Na nemi matuƙi in yi masa faɗa, aka ce ya tafi Maraɗi cefane, in an cika a kira shi.

Mardiyya ce ta zo da itace a ka da ragar waya ta banda. Muka zazzage kwandunan a bakin fili. Abin da ya tsira bai cika tire ba, sauran karnuka suka yi walima. Ta hura wuta nan gindin fiffike, hayaƙi ya turnuƙe, Bala yana tsugune ya haɗa kai da gwiwa.

Da magariba wani daga cikin masu riƙe wa Mai Girma jaka ya zo wucewa a mota. Ya hango hayaƙi daga nesa, bai tsaya ba, ya buga waya. Yanzu haka sanarwa ta zaga gari cewa Zalɓe ya yi tashin farko lafiya, cike maƙil da fasinja.

Ban ƙaryata ba, ranku ya daɗe. Cika kam ya cika, ina ciki. Kuma na ga abin da ya tashi sama daga filin nan da idona, har ƙamshinsa yana jikin rigata.