Muryata a Wayar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na daka wa Alhaji Sabo tsawa a gaban manoman Watari ba. Bakina a rufe yake kuwa, ina tsaye cikin hijabina kamar mutuniyar kirki.

Lokacin ina gwajin aiki a wani ɗan kamfani da ke haɗa wa ƙungiyar masu noman rani manhajar waya. Idan layin ban-ruwan mutum ya zo, sai wayarsa ta sanar da shi da murya. Malam Nura, shugaban aikin, ya ce in ranar nunawa ta yi kyau zai ɗauke ni. In ba haka ba, in koma gida tsinkar zogale (Inna har ta ware min faranti).

Tun farko ya yi min bayani. Manhajar ba ta riƙe saƙo, sai ta je saba, wato babbar kwamfutarmu da ke Kano, ta karɓo. Kuma ba ta haddace inda sabar take. Kullum sai ta faɗi sunanta a wurin tambaya, a ba ta lambar adireshi, kamar baƙon da ya tsaya ƙofar mai unguwa a kwatanta masa gida.

Na ce, "Malam, wannan ai zagaye ne."

Ya ce, "Zagayen shi ne aikin."

Ni kuwa jira ba ya cikin halina. Da zan yi gwaji sai na mai da laftof ɗina saba, na liƙa lambarsa kai tsaye a cikin manhajar. Ana buƙatar muryar gwaji, na ɗauki tawa, a ranar da aka ɓata min rai. Na ce zan cire daga baya. (Kun san irin wannan "daga bayan".)

Ranar nunawa aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Na kunna laftof, na haɗa wayar Alhaji Sabo, shugaban ƙungiyar, da waifai ɗinmu, aka kara mata lasifika. Kowa na jiran muryar Malam Nura mai sallama da fatan albarka. Manhajar kuwa ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta miƙe inda na aike ta.

"Kai malam! Tashi ka buɗe ruwa! Ko sai na zo na buɗe maka?"

Wallahi Alhaji sai da ya ɗan yunƙura. Kuma ni na saita ta maimaita har sai an danna, shi kuwa bai san inda ake dannawa ba.

Malam Nura ya raɗa min, "Ba Kano ya kamata ta je ba?"

"A tebur ta tsaya, Malam."

Wani dattijo daga baya ya ce, "Alhaji, an ce ka tashi fa."

Alhaji ya dubi wayar, ya dube ni. "'Yar nan, ke ce a ciki?"

"Ni ce, Baba."

Na fara hango farantin zogale. Shi kuwa ya gyara hularsa ya ce, "Kada a canza. Mutanen nan barci suke har ruwansu ya wuce. In aka sa muryar Malam Nura, ƙara jan mayafi za su yi."

An ɗauke ni aikin. An gyara manhajar tana tambayar hanya, an kuma kai muryata Kano ta zauna daram. Yanzu ko a kasuwa na yi sallama, sai dattawa su zabura.

Shi ya sa ko gidan ƙawata zan je, sai na tsaya na tambaya.