Kwabon Daktur a Cikin Zamzam

Ko zan manta da komai na zaman Jidda, ba zan taɓa mantawa da kwabon Daktur ba.

Lokacin ina shara a ɗakin wani tsohon likitan ido a Bani Malik. Yana da kabad na gilashi cike da tsofaffin kwabbai da lambobin yabo, duk na tarihin aikin ido. Wani an zana ido a jikinsa, wani tabarau, wani kuma mutum ne da allura yana cire wa majinyaci yanar ido. A gida kuwa, a Karantina, idon Innata yana ta dushewa. Umra muka zo muka zauna, ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, sai muke tsoron asibiti. Kullum ina goge teburin likitan ido, amma kunya da tsoro suka hana ni ce masa uffan.

Wata rana ya nuna mini wani baƙin kwabo mai hoton dattijo, ya ce, "Ya binti, wannan ya buɗe idon dubban mutane."

Dattijon yake nufi. Ni kuwa (mai kaifin basira!) na ɗauka ƙarfen ne.

Sai na riƙa ɗauke shi in an tashi aiki, in jiƙa a ruwan Zamzam kamar yadda ake wanke allo, in shafa wa Inna a ido, da safe in mayar. Da na ga ba sauƙi, na ce dattin jikinsa ne ya tare maganin. Na dirje shi da toka da lemon tsami har ya yi ja yana walƙiya.

Ranar kuwa Daktur ya yi baƙi, likitoci uku. Yana buɗe kabad ya daskare.

"Wa ya taɓa wannan?"

Da tsintsiya a hannu na zayyana komai, har da Zamzam ɗin. Baƙin suka tuntsire da dariya, ɗaya har da share hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daktur bai yi dariya ba. Ya ce, "Yalla, ki kawo Innar taki gobe. Ni ido nake dubawa, ba iƙama ba."

Washegari ya daɗe yana haska idon Inna, sannan ya kashe fitilar.

"Hajiya, ba yana ba ce, hawan jinin ido ne. Jijiyar ta riga ta mutu. Da bara aka zo..."

Inna ta laluba hannuna ta ce, "Bari kuka, 'yar nan. Ruwan kwabon naki ma da sanyi."

Shekara biyu ina tsaye kusa da mutumin da zai ceto idon uwata, sai na zaɓi kwabonsa. Tun ranar, in ina da tambaya yi nake, ko za a yi mini dariya. Dariyar ai ta wuce a yini ɗaya. Inna kuwa har ta rasu ni nake yi mata jagora.