Mai Dogon Jifa Daga Gulma

Ranar da na ga yaron nan a filin ƙwallon Gulma, sai da hulata ta faɗi. Ya tsaya a bakin layi, ya jefo ƙwallo da hannu biyu, sai ga ta a bakin raga! Na dinga tsalle kamar ba ni ne shugaban kulob ba.

Kocinmu, Malam Bala, ya ja ni gefe. "Alhaji, mu gwada shi kaka guda tukuna."

"Kaka guda? Wanga hannu, in munka yi sanya, 'yan Argungu na ɗauke shi!"

Nan take na ba shi kwantiragin shekara uku, na haɗa masa da babur. Har muka dawo gida Birnin Kebbi bakina bai rufu ba.

Wasan farko na gayyato ƙannen matata, na ce su zuba ido. Yaro ya ja da baya, ya taho a guje, ya jefa. Ƙwallo ko rabin hanya ba ta kai ba. Ashe filin Gulma a matse yake tsakanin gonakin shinkafa, bai kai rabin faɗin namu ba.

Saura shekara guda kwantiragin ya ƙare. Duk ranar wasa, autan ƙannen matata sai ya bugo mini waya: "Yaya Alhaji, in kawo igiya mu rage hilin?"