Rasuwar Kushin Dashbod na Motar Surukina

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya hana ta zama wuri ɗaya, ni Orval Pruszynski na garin Bucyrus nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta masu farfaɗo da tsofaffin motoci rasuwar Kushin Dashbod, baƙar fatar nan mai soso da ke shimfiɗe ƙarƙashin gilashin gaba na motar marigayi surukina. Kushin ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da safe, yana da shekara hamsin da bakwai. Matata Maxine, wadda ta gaji motar, tana wajen ƙanwarta a Toledo, kuma har yanzu ba ta sani ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha rana, ya ɗauki taswira da kofin kofi bai taɓa ƙorafi ba, sai dai in an hau layin dogo ya ce ƙiƙir-ƙiƙir. A gefensa na dama akwai shaidar haƙora huɗu ƙanana. Maxine ce ta dasa su tana 'yar shekara biyar, ranar da babanta ya taka birki saboda barewa. Har baban nata ya bar duniya, duk wanda ya shiga motar sai ya kama yatsansa ya ɗora masa a wurin. Da ta ba ni makulli cewa ta yi, "Orval, ka canza duk abin da ka ga dama, amma ban da nan."

Kushin ya yi doguwar jinya, tsagewa uku da kumburin kusurwa. Amma ba jinyar ce ta kashe shi ba, ni ne. Sabon kushin da na saya ya iso a kwali yana sheƙi, na ɗora su gefe da gefe, idona ya rufe. Ban gwada sabon ba, na cusa tsohon a kwandon shara, motar shara ta zo ta kwashe.

Sai da na zo ɗaurawa na ga ƙusoshin sabon sun kauce wa ramuka da faɗin yatsa. Na shanya shi a rana ya yi laushi, na danna dama, hagu ta ɗaga. Na danna hagu, tsakiya ta yi ƙusumbi. Na kira masu sayarwa, wani ya ce, "Yallaɓai, ai kowa sai ya ɗan sassaƙa." Na sassaƙa. Yanzu ba ya shiga, ba kuma za su karɓa ba.

Abokina Vern ya leƙo, ya daɗe yana kallo. "Kai Orval, shekara talatin kana wannan harka! Wa yake zubar da tsoho kafin sabo ya zauna? Da ko gefen daman ka yanke ka ajiye mata!" Sau biyu na je juji, mai gadin ya nuna mini tudun shara ya ce, "Baba, tun Talata? Koma gida."

Tun ranar na kasa zama. In shiga gareji, in fito, in ɗauki waya, in ajiye. Kunya nake ji, tsoro kuma ya fi kunyar.

Marigayin ya rasu ya bar sitiyari, da rediyo, da agogon da ya tsaya, da noti shida a cikin gwangwani.

Ba za a yi jana'iza ba, domin ba a samu gawa ba. Za a yi zaman makoki a gareji ranar Lahadi da ƙarfe uku, lokacin da Maxine za ta dawo. Ana roƙon 'yan ƙungiya kada kowa ya zo. Kwafi ɗaya na wannan sanarwa zan manna a ƙofar gareji, daidai tsayin idonta. Maxine, in kin karanta har nan, turo ƙofar. Ina ciki, ban kulle ba.